Maigidan da ya koya maka aikin hanya: yadda za ka gode masa, da yadda za ka saɓa masa

Tambaya daga wani matashin injiniya da ke aiki a Tawa: "Tsohon da na yi istaj a hannunsa, wanda kuma ya ɗauke ni aikina na farko, ya yi ritaya yana zaune a Yamai. Duk abin da na iya a shantiye shi ya koya mini. Abokaina sun ce in kai masa shadda da rago lokacin Sallah, shi ke nan. Ni ina ganin bai isa ba. Sannan akwai abin da ke damuna. An ba ni nazarin wata hanyar karkara, na sake lissafin dalo, wato kwalbatocin da ruwa ke bi ta ƙarƙashin hanya, sai na ga girman da ya saba ba su ya yi kaɗan ga ruwan da ke zuwa yanzu. In na canja, ban ci amanarsa ba?"

Ƙanena, ka kai shaddar, ka kai ragon ma in kana da hali. Abokanka ba su faɗi ƙarya ba. Yaba kyauta tukwici, kuma kowane tsohon ma'aikaci ya san mutum nawa suka daina kiran wayarsa tun ranar da ya miƙa makullin biro. Sai dai tambayoyinka biyu ba a rabe suke ba kamar yadda kake gani. Sai ka gane ainihin abin da mutumin nan ya ba ka, sannan za ka san wanne za ka riƙe, wanne kuma ya wajaba ka canja.

Ba lissafi ya ba ka ba. Lissafi a lekol ka same shi, ko EMIG ka yi a nan Yamai, ko 2iE ta Wagadugu, ko wata makaranta ta Aljeriya ko Maroko. Dokokin BAEL 91 na lissafin beto mai ƙarfe da littafin CEBTP na auna kaurin hanyoyi a ƙasashe masu zafi suna cikin kwamfutar kowane ɗalibi. Abin da ba ya cikin kwamfuta shi ne tazarar da ke tsakanin takardar labo da ƙasar da ke gabanka da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. Ɗauki gwajin Proctor, wanda wani injiniyan Los Angeles mai suna Ralph Proctor ya fito da shi a 1933. Yana gaya maka yawan ruwan da laterit, jar ƙasar da ake shimfiɗa wa hanya, ke so kafin ta dannu iyakar dannuwa, kuma gaskiya yake faɗa. Amma a inuwa aka yi shi. A kan hanya tsakanin Tabalak da Abalak, zafi ya haura digiri 40, iska a bushe, ruwan da tanki ya zuba yakan tashi tun gireda ba ta gama cuɗawa ba, rola ta zo ta tarar da ƙura. Tsoho sai ya duƙa, ya damƙi ƙasar, ya matse, ya buɗe hannu. In ta dunƙule ba ta jiƙa masa tafi ba, ya ce a danna. In ta wargaje, a ƙara ruwa. Shi ne kuma zai ce a jiƙa tun da dare a danna da asuba, kada kauri ya wuce santimita 20 zuwa 25 a kowane shimfiɗi. Daga baya ƴan labo su zo su auna, a samu dannuwar ta kai kashi 95 ko 98 cikin ɗari da kwangila ta nema, kai kana tsaye kana mamaki.

Haka abin yake a beto. Kowa ya haddace cewa buhu bakwai na siminti, kilo 350, ke shiga mita kub guda na beto mai ƙarfe. Kowa ya ji labarin Duff Abrams da ya nuna tun 1918 cewa ƙarfin beto yana raguwa gwargwadon yadda ruwa ya yi yawa a kan siminti. Amma wa ya koya maka cewa da ka juya baya magini zai ƙara bokiti biyu na ruwa don kwaɓin ya yi masa saukin zubawa? Wa ya nuna maka yadda ake zuba yashin kori cikin kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, a ga kaurin laka da ta kwanta a sama, kafin a yarda kamyo ya juye? Wa ya sa ka tsaya a kan a ɗaga ƙarfe da ƴan guntayen siminti don ya samu rufi na santimita 3, maimakon a bar shi kwance a kan katako? Simintin Malbaza ko na waje, duk ɗaya ne a nan: dal, wato shimfiɗar beto, da aka zuba da tsakar rana cikin hunturu, ba a rufe ba, ba a shayar da ita ruwa kwana bakwai ba, za ta tsattsage ko da gwajin kwana 28 ya ba da ƙarfin da ake nema, megafaskal 25, domin samfurin da aka kai labo a cikin ruwa ya kwana, ita kuwa dal a rana ta wuni. Irin wannan sai wanda ya taɓa fasa ginshiƙi da guduma a gaban ɗan kwangila yana kumfar baki.

Akwai na uku, kuma a ganina shi ya fi tsada. Tsofaffin nan suna ɗauke da tarihin ƙasa da na ruwa a kansu. Mutumin da ya yi shekaru talatin tsakanin Ƙonni, Tawa, Keita da Buza ya san inda laterit mai kyau take, wadda za ta ba ka CBR 80, wato awon ƙarfin ɗaukar nauyi, bayan ta kwana huɗu a ruwa, ya san ramin da samansa ke da kyau amma da ka nutsa mita ɗaya sai laka. Ya san inda baƙar ƙasar kwarin Maggiya ke kumbura da damina ta tsuke da rani har ta tsaga gini. Ya san korin da ya bar hanyarsa a wata shekara ya koma wata, ya bar kadarko a tsaye a kan busasshen yashi. Wannan ilimi kaɗan ne daga cikinsa ke rubuce. Zane-zanen ƙarshe da ake miƙawa bayan an gama aiki, waɗanda ke nuna abin da aka gina na haƙiƙa, sau da yawa sukan salwanta wajen ƙaura daga wannan biro zuwa wancan, ko gara ta cinye su a sito. Ranar da irin wannan tsoho ya kwanta dama, sai a sake biyan miliyoyi a haƙa ramukan bincike don gano abin da shi zai faɗa maka a zaune yana shan shayi.

Kada ka ɗauka wannan gado na hannu da hannu alamar ci-baya ce tamu. Ilimin ƙasa na zamani gaba ɗayansa haka aka gina shi. Karl Terzaghi, wanda littafinsa na 1925 ya kafa fannin, ya ɗauki wani matashi ɗan Ostiriya, Arthur Casagrande, ya yi aiki a hannunsa a Amurka daga 1926. Ƙaramin kwanon tagullan nan da ake bugawa sau 25 a labo don sanin iyakar ruwan laka, wanda kai ma ka juya hannunsa a lekol, Casagrande ne ya daidaita shi. A 1939 da aka kira Terzaghi ya ba da shawara kan haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta birnin Chicago, sai ya sa wani matashi, Ralph Peck, ya zama idonsa a wurin, ya kuma tilasta masa rubuta masa duk abin da ya gani da abin da ya auna, kullum. Daga baya suka wallafa littafi tare a 1948, kuma a 1969 Peck ya tsara hanyar aikin da ake kira ta lura: ka yi zane bisa abin da ka fi zato, ka sa ido ka auna yayin gini, ka shirya canjawa in ƙasa ta nuna maka wani abu dabam. Ka ga abin da ya gada daga maigidansa ba adadi ba ne, ɗabi'a ce ta dubawa da rubutawa.

Ba sai mun je Chicago ba ma. A nan ƙasarmu, a jihar Tawa, Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin Juma'a na Yama da ƙasa a 1962, daga 1975 ya sake rufin da baka da tulluwa ya ɗaga hasumiyoyi huɗu, aikin ya kai 1982, kuma a 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan. Ba shi da difloma, amma ya bar magina da suka koyi yadda ake ɗaure baka a hannunsa. Da masu zanen gine-gine Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka zo Dandaji suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa matsattse, aikin da aka kammala a 2018, sai suka jawo maginan gargajiya cikin aikin. Masu digiri suka koyi na tsofaffi, tsofaffi suka koyi sabon bulo. Ni a wurina wannan ita ce godiyar da ta dace da sana'armu: a dawo da mai ilimi cikin aiki tun yana da rai.

To, me za ka yi kai? Ka je da ƙafarka, kada ka aika. In ka zauna an gaisa, kada ka tsaya ga "Baba, mun gode, Allah ya saka da alheri", domin wannan ko mai gadi ya faɗa masa ranar walimar ritaya. Ka ambaci abu takamaimai. Ka ce, "Baba, kun tuna ranar da kuka hana a zuba beto saboda ƙarfen ƙasa ya taɓa katako? Bana na hana irin wannan a wani aji da muke ginawa." Tsohon malami ba ya shakkar cewa ana girmama shi. Abin da yake shakka shi ne ko wani abu ya zauna. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya son yabo, in ka fara sai ya canja zance. Amma in ka kawo masa matsalar tushen gini a wata unguwa ta bakin Gunti Yena inda ruwan ƙasa ke kusa, sai ya gyara zama ya aika a kawo masa tabarau, ku kai la'asar.

Saboda haka ka riƙa kai masa aiki, kuma ka biya shi. A nan ne da yawanmu ke kasawa. Mukan je gidan tsoho da zane a hammata, ya ɓata yini yana dubawa, ya gyara mana abin da zai ceci miliyoyi, mu tashi mu ajiye masa jika biyar "na goro". Shawarar gwani tana da farashi a kowace kwangilar nazari, kuma kai ka san layin da ake rubuta ta. In ofishinku na neman aiki, ka sa sunansa cikin gwanaye da saninsa, a biya shi kwanakinsa, ya kuma taka wurin da gaske. Na ce da gaske, don akwai wata mummunar al'ada da ta yaɗu: a karɓi takardar tarihin aikin tsoho a cusa cikin dosiye don a ci maki, in an samu kwangila ba a sake nemansa, wani lokaci har a sa hannu a madadinsa. Wannan cin mutunci ne, kuma in aikin ya lalace sunansa ne a takarda.

Sannan ka rubuta abin da ke kansa. In lafiyarsa ta yarda, ka ɗauke shi a mota ku bi ɗaya daga cikin hanyoyin da ya gina, kai da waya mai GPS da littafi. Duk inda ya ce tsaya, ka tsaya: nan muka ɗebi laterit, nan ruwa ya taɓa haurawa, nan muka canja dalo zuwa radiye, wato shimfiɗar beto da ruwa ke bi ta kanta, saboda yashi na toshe dalon kowace damina. In ba zai iya tafiya ba, hoton tauraron ɗan adam a kwamfuta ya isa, za ka sha mamakin yadda zai gane kowace kwana. Ka tambaye shi tsofaffin littattafansa na shantiye, ka ɗauki hotonsu shafi-shafi, ka mayar masa da kayansa. In ka yi amfani da wani abu daga ciki a rahoto, ka rubuta daga wa ka samo. Mu nan ba mu saba ba. Gadar Kennedy tun 1970 take ɗauke da Yamai, an ƙara ta biyu a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021, kowa ya san shugaban da ya yanke ƙyalle da ƙasar da ta ba da kuɗi, amma tambayi ɗalibin injiniya sunan ɗan ƙasa guda da ya sa ido a kan aikin, sai ya yi shiru. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 ya cika Adar da madatsai da shingayen dutse, mata dubbai suka ɗauki duwatsun a ka, kuma akwai ƴan fasaha na gida da suka koyi aikin gabiyo, wato shirya duwatsu cikin ragar waya, a can suka yaɗa shi. Su ma sunayensu sai a bakin waɗanda suka yi zamani da su.

Wani abu kuma, ka kare sunansa inda ya cancanta. Za ka ji ana zagin "injiniyoyin da" duk lokacin da mota ta faɗa rami a hanyar Tawa zuwa Arlit. Hanyar nan a ƙarshen shekarun 1970 aka gina ta don jigilar yuraniyom, kuma kwalta irin wannan shekara 15 zuwa 20 ake lissafa mata, bisa sharaɗin ana gyara ta a kan lokaci. An zana hanyoyinmu a kan aksil, wato sandar da ke haɗa tayoyin mota, mai ɗaukar tan 13. Gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa in nauyin aksil ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka wajen sau 16. Ƙungiyar UEMOA ta kafa dokar takaita lodi tun 2005, amma kowa ya ga yadda kamyo ke fitowa da buhunan albasa daga Galmi. Hanyar da ta ninka shekarunta a ƙarƙashin irin wannan lodi ba ta ci amanar kowa ba. In ana wannan hira a fada, kai da ka sani ka yi bayani.

Kafin in wuce, maigida a shantiye ba mutum ɗaya ba ne. Akwai ɗan labo da ya nuna maka yadda ake karanta ƙasa da yatsa, akwai mai tuƙa gireda da ke fitar da gangaren kashi 3 cikin ɗari da ido, akwai shugaban maƙeran ƙarfe da ya rufa maka asiri ranar da ka kasa karanta zanenka. Su ba a gayyatarsu walima, kuma su suka fi buƙatar ragon.

Yanzu ga maganar dalo. Amsa a gajarce: in lissafinka daidai ne, ka canja, kuma barin sa yadda yake shi ne cin amanar. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A zaman duniya haka ne. A lissafin ruwa kuwa akwai abin da yaro ke gani yau wanda babba bai gani ba, don a zamaninsa babu shi.

Ga dalili. Hanyar da akasarin tsofaffinmu suka koya ta kiyasta ambaliyar da ake sa ran irinta sau ɗaya a shekara goma a ƙananan kwaruruka ita ce ta Rodier da Auvray, masu binciken ORSTOM, tsohuwar cibiyar bincike ta Faransa, hanyar da ta fito a 1965 bisa awon da aka yi a shekarun 1950 da farkon 1960. An sabunta ta daga baya, hukumar FAO ta fitar da gyararren littafi a 1996, amma ƙasar da aka auna a wancan lokaci ba ita ce ta yau ba. Bayan farin 1973 da na 1984 itatuwa suka mutu, gonaki suka cinye daji, aka daina barin ƙasa ta huta, fuskarta ta yi ɓawo ta zama faƙo. Ruwan da a da yake nutsewa yanzu gudu yake yi. Masu binciken ruwa sun daɗe da lura da wannan abin mamaki na Sahel: ko a shekarun da ruwan sama ya ragu, ruwan da ke gangarowa cikin koramu ƙaruwa ya yi. Ga shi kuma yanzu ruwan sama mai ƙarfi na sa'a ɗaya ko biyu ya yawaita. Mu a Yamai mun gani a kogin Isa. Jan ruwan damina da Sirba da Dargol da Goruwol ke kawowa ya zo yana fin ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine lokacin sanyi tsawo. A Satumbar 2020 ma'aunin kogin ya kai santimita 700, alhali jan gargaɗi a 620 yake, ruwa ya fasa shinge ya shiga Lamorde da wasu unguwannin bakin kogi. A Agustan 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita daga Yamai har aka yi kwanaki babban birni a katse. Dalon da ya wadatar a 1985, kwarin da ke bayansa ya canja, shi bai canja ba.

Girmama babba har a kasa gaya masa adadinsa ya kauce, sana'armu ta taɓa biyan kuɗinsa da rayuka. A Kanada, gadar Kebek tana hannun Theodore Cooper, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin gada na Amurka a lokacin. Ya tsawaita tsakiyar gadar zuwa kimanin mita 549, ba a sake lissafin nauyin ƙarfen yadda ya kamata ba, kuma saboda girman sunansa ba a sa wani ya bi bayan aikinsa ba. Shi yana New York, tsufa da rashin lafiya sun hana shi zuwa wurin. Wani matashin injiniya, Norman McLure, ya ga ƙarafan ƙasa suna lanƙwashewa, ya rubuta, daga baya ya tafi da kansa ya same shi. Cooper ya yarda, ya aika a daina ƙara nauyi, amma saƙon bai isa wurin aiki a kan lokaci ba. Ranar 29 ga Agusta 1907 gadar ta rufta, mutum 75 suka mutu. Matashin ya yi abin da ya dace. Tsarin da ya sa ba mai ikon tsayar da aiki sai da izinin babba shi ne ya kashe mutane.

Amma kafin ka je wurin tsohonka, ka tabbatar da naka, don matashi da sabuwar manhaja yakan yi saurin ganin kuskuren manya. Ka sake zana iyakar kwarin, ka duba ko hoton tauraro bai ruɗe ka ba a wuri mai shimfiɗe inda tudun rairayi ke raba ruwa. Ka nemi awon ruwan sama na kwanan nan daga hukumar yanayi ta ƙasa ko cibiyar AGRHYMET, kada ka tsaya ga tsohuwar taswira. Ka yi lissafin ta hanya biyu, ta ORSTOM da ta CIEH, tsohon kwamitin nazarin ruwa na ƙasashen Afirka, ka ga tazararsu. Sannan ka yi abin da na tabbata shi ya koya maka: ka je wurin, ka nemi dattawan ƙauyen su nuna maka inda ruwa ya kai a shekarar da ya fi yawa, ka duba tarkacen da ya maƙale a rassan itatuwa da zanen laka a jikin bango, ka sa ɗan topo, mai awon ƙasa, ya ɗauki tsayinsu. Ka duba kuma ko matsalar ta girma ce ko ta yashi, domin a Adar dalo da yawa ba ƙanƙanta ke kashe su ba, cikewa suke yi har rabi, kuma maganin wannan wani lokaci radiye ne da ruwa zai bi ta kai, ko shingen dutse a sama da zai rage gudu. Mai yiwuwa ma tsohon ya san girman bai kai ba, kuɗin da aka ba shi ne ya tsaya nan, ya zaɓi ruwa ya haura hanya sa'o'i kaɗan a shekara maimakon a rasa hanyar ɗungum. Irin wannan shawara ba a rubuta ta a zane.

In ka gama duk wannan adadin bai sauka ba, ka ɗauki takardunka ka tafi Yamai. Kada ya ji a bakin wani cewa yaronsa ya ce aikinsa ba daidai ba ne, kuma kada ka faɗa a taro. Ka same shi shi kaɗai, ka shimfiɗa taswirar, ka ce, "Baba, na bi yadda kuka koya mini, na je na tambayi mutanen gari, ga inda suka nuna mini ruwa ya kai. Lissafina ya ba ni kaza, ya fi wanda muka saba. Ku duba mini ko na yi kuskure." Ba dabara ba ce, da gaske kake tambaya, don yana iya gano abin da ya kuɓuce maka. In ya gano, ka tsira daga kashe kuɗin jama'a a banza. In bai gano ba, galibin tsofaffin da na sani za su ce maka su ma sun lura ruwan yanzu ba irin na da ba ne. In kuwa ya ƙi, ya hau fushi, ka ba shi haƙuri, ka ci gaba da zuwa gaishe shi, amma ka sa girman da lissafi ya ba ka. Sa hannun da ke ƙasan zanen naka ne, kai za a nema in hanya ta yanke da motar haya a kai.

Iyakar biyayya ke nan, kuma ta shafi wasu abubuwan. Ba duk abin da aka gada daga manya ne abin riƙo ba. Wasu sun koya wa yaransu sa hannu a kan sakamakon labo da ba a yi ba, wasu sun koya musu yadda ake raba kaso da ɗan kwangila. In wata rana maigidanka, ko wani da ya zo da sunansa, ya nemi ka sassauta wa wani kamfani wajen karɓar aiki, bashin da yake binka bai kai nan ba, kuma kana iya ƙi cikin ladabi ba tare da ka ɗaga murya ba.

Ka ce an ba ka nazarin hanya, ke nan ka kai matsayin da za a fara turo maka ƴan istaj, in ma ba a fara ba. Yawancinsu a biro ake ajiye su wata uku suna buga takardu da kai saƙo, su koma lekol ba su taɓa ganin an zuba beto ba. Ka ɗauki ɗaya ka tafi da shi wannan binciken na kwari. Ka ba shi littafi ka ce ya rubuta duk abin da ya gani kullum, da yamma ka karanta ka yi masa tambayoyi. Ka bar shi ya yi lissafin dalo guda shi kaɗai kafin ka nuna masa naka, kuma in nasa ya saɓa da naka ka zauna ku bi layi-layi, kada ka ce masa "haka ake yi". Ranar da za ka je Yamai da taswirar, ka tafi da shi, ya riƙe takardun, ya ji yadda za ku yi gardamar da tsohon.